Fagen Wasanni: Tseren Keken Dutse Da Ƙasar Vom

Cikin wasannin da suka yi ƙarfi a duniya a 'yan shekarun nan akwai wani wanda ba a gina masa fili, ba a shuka masa ciyawa, ba a kuma sayar da tikiti a ƙofa. Shi ne tseren keke na dogon zango a kan duwatsu, inda mutum zai hau kekensa ya yi kwana bakwai ko takwas yana fama da tudu da gangare, da turɓaya da tsakuwa, har ya cinye ɗaruruwan kilomitoci. Filin wannan wasa Allah ne ke shimfiɗa shi, kuma cikin wuraren da ya shimfiɗa shi a Nijeriya da wuya a sami wanda ya kai ƙasar Vom da kewayenta, a bisa tsaunin Jos. Abin da shafin nan zai duba a wannan mako shi ne yadda wasan yake, da abin da yake nema wurin mai shigarsa, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mutanen Jihar Filato su dube shi da idon basira.

ASALIN WASAN

Wasan bai daɗe a duniya ba. Cikin shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan duwatsu don nishaɗi. A 1976 suka fara wani tsere da suka sa wa suna Repack, saboda in mutum ya gangaro sau ɗaya tak, birkin ƙafar baya kan yi zafi har man girishin ya ƙone, dole sai an sake ɗura wani. Su Joe Breeze da Gary Fisher da Tom Ritchey ne suka shiga ƙera keke na musamman domin wannan aiki, mai ƙarfin jiki, mai faɗin taya, mai giya da yawa don hawan tudu. Kafin a ankara abin ya bazu. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a garin Durango na Amurka, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a birnin Atlanta.

To, amma tseren da ake yi a Olamfik gajere ne, ana kewaya wuri guda ne na kimanin sa'a ɗaya da rabi a tashi. Na dogon zango kuwa al'amarinsa dabam ne, ya fi kama da fataucin da, lokacin da ayari kan tashi daga Kano ya nufi Gwanja, yau a kwana wannan zango, gobe a kwana wancan.

BABBAN TSEREN AFIRKA TA KUDU

Wanda ya fi kowanne suna a wannan nahiya shi ne Cape Epic, wanda wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Kevin Vermaak ya kafa. An fara shi a 2004, aka tashi daga Knysna aka ƙare a Stellenbosch, kuma Karl Platt na Jamus da Mannie Heymans na Namibiya ne suka ci. Akan yi shi cikin watan Maris, kwana takwas, nisansa yakan kama daga kilomita 600 zuwa 700, kuma kowace shekara akan sake hanya. In aka haɗa hawan tudun da ke cikinsa duka yakan kai mita 15,000 ko fiye. Don mai karatu ya gane girman abin, ƙololuwar dutsen Shere da ke gabas da Jos tsawonta mita 1,829 ne daga bakin teku. Watau ke nan kamar mutum ya taso daga bakin ruwa a Ikko ya hau har ƙwanƙolin Shere sau takwas cikin mako guda, a kan keke.

Gwanaye kan gama zangon yini cikin sa'a huɗu ko biyar, na baya kuwa sai su yi tara ko goma a kan sirdi. Kowane zango yana da lokacin rufe ƙofa, wanda duk ya iso bayansa ba a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala. Da dare yawancin masu tseren a tanti suke kwana, da asuba a sake ɗaura ɗamara.

Amma dokar da ta fi kowace jan hankali ita ce ta abokin tafiya. Ba a shiga wannan tsere mutum ɗaya, sai bibbiyu, kuma ba a yarda tazarar da ke tsakanin abokan nan ta wuce minti biyu ba. In ta wuce a ci su tara, in suka yi ta maimaitawa a fid da su. Lokacin da ake rubuta musu kuma shi ne na wanda ya shigo daga baya. Saboda haka ƙarfin mai ƙarfi ba ya amfana masa kome in ya bar ɗan'uwansa a gindin tudu. Dole ya sassauta, ya shiga gaba ya tare masa iska, ya raba ruwansa da shi, in tayarsa ta fashe su durƙusa tare su gyara. Christoph Sauser na Suwizalan, wanda ya ci tseren sau biyar, biyu daga ciki, a 2011 da 2012, tare ya ci su da Burry Stander ɗan Afirka ta Kudu, wanda mota ta kaɗe shi ya rasu a watan Janairu na 2013 yana cikin motsa jiki a kan hanya.

Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan tsanani, wanda ba tanti, ba mai dafa abinci, ba motar da ke bin mutum a baya. Agogo ba ya tsayawa dare da rana, mai tsere shi ke ɗauke da guzurinsa da shimfiɗarsa, shi ke zaɓen inda zai kwanta da tsawon barcin da zai yi. Irinsa ne ake yi a duwatsun Atlas na ƙasar Maroko. A karon farko, cikin Fabrairu na 2020, an tashi daga Marakesh, nisan ya haura kilomita 1,100, kuma Sofiane Sehili na Faransa ya gama kwana huɗu ba su cika ba. Irinsa ne kuma Tour Divide, daga Banff ta ƙasar Kanada zuwa kan iyakar Amurka da Meziko, kimanin kilomita 4,400, wanda marigayi Mike Hall na Ingila ya cinye a 2016 cikin abin da bai kai kwana 14 ba.

ABIN DA AKE NEMA WURIN MAI SHIGA

Na farko shi ne shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar shiga tseren kwana takwas yakan yi watanni yana horar da jikinsa, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan, yana kuma koya wa jikin tashi aiki yau bayan ya sha wuya jiya. Wahalar irin wannan tsere ba a ranar farko take ba. Tana zuwa ne a rana ta huɗu ko ta biyar, sa'ad da cinya ta yi tsami, mazauni ya saluɓe, tafin hannu ya yi kanta, ga shi kuma sauran rabin tafiya.

Na biyu shi ne ci da sha. Abin da jikin ɗan Adam ke ajiyewa na ƙarfin gaggawa a cikin tsoka da hanta ba ya wuce aikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu in aikin mai tsanani ne. Da zarar ya ƙare sai ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, ƙaton mutum ya kasa tura feda. Don haka mai tsere ba ya jira sai ya ji yunwa, yana tafiya yana ɗan jefa abu a baki, yana kurɓar ruwa. In rana ta yi zafi yakan zubar da gumin da ya kai lita guda cikin sa'a ɗaya, da gishirin jikinsa a ciki, kuma dole a mayar. Turawa suna da abincinsu na cikin leda, amma dabino da ayaba da zuma da dafaffen dankali mai ɗan gishiri duk suna yin wannan aiki, kuma ba ɗayansu da ya gagari mutumin Filato. Da dare kuwa gwaten acha ba ya jin kunyar kowane abinci.

Na uku shi ne sanin keken kansa. Keken dutse yana da shakazoba a gaba, wani ma har da baya, da birki irin na faifai, da tayar da ba tif a cikinta, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe huda da kansa in ƙaya ta soke ta. Duk da haka sarƙa takan tsinke, taya takan yage a kan kaifin dutse, kuma a tsakiyar daji babu mai faci. Wanda bai iya haɗa sarƙa da ɗinke taya da hannunsa ba, tserensa na iya ƙarewa saboda ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran wuyar samu, shi ne haƙuri. Sabon shiga yakan ga an tashi da gudu ya ce shi ma sai ya nuna kansa, ya ƙone ƙarfinsa tun kafin hantsi, da la'asar a same shi zaune a gindin itace. Tsofaffin hannu sun san gaskiyar masu iya magana da suka ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Gangara ma tana da nata tarkon, domin a nan ne gajiyayye kan yi sakaci, kuma yawancin karayar ƙashin wuya da na hannu a nan ake samunsu. Shi ya sa ba a barin kowa ya hau ba da hular kwano ba.

ABIN DA VOM TA TANADA

Vom, wadda mutanen Birom ke kira Vwang, tana kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Jos, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, kuma tsawonta daga bakin teku ya haura mita 1,200. Duniya ta san ta ne da cibiyar binciken lafiyar dabbobi wadda aka kafa a can a 1924 don yaƙi da ciwon bushiya. Sanyin wurin da ƙarancin tsando da suka sa ta dace da shanu, sun sa ta dace da mai motsa jiki. Gaskiya ne tsawonta bai kai na Iten ta ƙasar Kenya ba, inda gwanayen gudu ke horo a kan mita 2,400, amma mutum na iya yin sa'a biyar a kan keke a Vom ba tare da rana ta gasa shi kamar yadda za ta yi a Sakkwato ko Maiduguri ba. A watannin Disamba da Janairu ma sai an nemi rigar sanyi.

Ita kuwa ƙasar tana da kowane irin ƙalubale da masu shirya tsere ke nema. Akwai fili mai ciyawa da turbobin ƙafa da suka ratsa tsakanin gonakin da aka kewaye da shingen ƙerana. Akwai fā da manyan duwatsu da aka ɗora wani kan wani kamar na Riyom. Akwai tuddan ƙasa da kududdufai da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da Barikin Ladi. Wanda ya bi hanyar Ganawuri ya nufi Manchok, ko ya gangara Hawan Kibo ta wajen ruwan Assop, zai sauka daga kan tsaunin gaba ɗaya, in ya juyo kuma ya sami hawan da zai gwada ƙwanjin kowane gwani. Daga gabas ga Shere, daga kudu maso gabas ga Panyam da Pankshin.

Tafiyar wuya a kan waɗannan duwatsu ba baƙuwa ba ce ga mutanen wurin. Kakannin Birom da Aten sun yi suna wajen sukuwa da ƙananan dawakinsu ba sirdi a kan ƙasar nan. Kafin ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Bukuru a 1914, a ka 'yan dako ke ɗaukar kuza su gangara da ita har Loko a bakin Binuwai. Yau ma samarin ƙauyuka na ɗaura buhun dankali ko na kabeji a kariyar keken da ba shi da giya ko ɗaya, su hau tudu da shi su kai kasuwa. Wanda ya saba da wannan ya riga ya yi rabin horon da ake biyan kuɗi a wasu ƙasashe don a samu.

Sauran abubuwan da taro ke bukata su ma suna kusa. Ga asibitin mishan na Vom, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ga filin jirgin sama a Heipang, ga kuma makarantar horon hawan dutse da shugabanci a Shere wadda ta daɗe tana koya wa matasa zaman daji.

DARASI DAGA RUWANDA

In wani ya ce wannan wasan masu hali ne, ba na talaka ba, to, ya dubi Ruwanda. A 2006 Tom Ritchey da abokansa suka shirya wani tsere a can wanda har kekunan katako na dakon kaya aka shiga da su. A nan aka gano wani saurayi mai suna Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa shida a kisan kiyashin 1994. Shekara guda bayan haka ya shiga Cape Epic tare da mai horar da shi, Jock Boyer. A 2012 shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na Landan, ya yi tseren keken dutse, daga baya kuma ya buɗe makarantar koyon keke a garinsu Rwamagana. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar keken titi ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Tsakanin keken katako da wannan biki shekara 19 ce kawai.

A nan gida kuwa, sai a 2024 Nijeriya ta fara tura mai tseren keke Olamfik, watau Ese Ukpeseraye, a birnin Faris, kuma a wani ɓangare na gasar sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke. Ƙasar da ta gina zagayen tseren keke a Abuja tun 2003, wadda kuma kamfanin Raleigh ya taɓa haɗa kekuna a cikinta a Kano, bai kamata a ce nan ta tsaya ba.

CIKAS DA MAFITA

Ba za a ɓoye ba, akwai cikas. Na farko kuɗi. Keken da gwanaye ke hawa ya fi babur tsada nesa ba kusa ba, kuɗin shiga manyan tseren waje kuma ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Amma kasuwannin ƙasar nan cike suke da kekunan dutse na gwanjo, kuma da su ake fara koyo a ko'ina.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne tsaro. Tun rikicin watan Satumba na 2001 ƙasar Jos ta sha zubar da jini, kuma ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi, inda hanyoyin da suka fi kyau suke, suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana. Akwai turbobin da saurayi ba zai bi ba saboda sunansa ko addininsa. Tseren keke ba zai warkar da wannan ciwo ba, kuma duk wanda ya ce zai warkar ya faɗi abin da ya fi bakinsa. Sai dai shirya shi yana tilasta abin da ake ta nema a teburin sulhu. Ba yadda za a ja hanya mai kilomita 60 ta ratsa ƙasar Vom da Kuru da Riyom sai an zauna da hakimai da masu unguwanni da arɗon kowace ruga, kowa ya yarda, kowa ya ɗauki alhakin yankinsa, kowa kuma ya ga abin da mutanensa za su samu, ko na sayar da abinci, ko na nuna hanya, ko na gyaran keke.

A nan ne dokar minti biyu ke da amfani. Majalisar wasanni ta jiha da ƙungiyar masu tseren keke ta ƙasa suna iya ware kyauta mafi tsoka ga abokan tafiyar da suka fito daga al'umma dabam dabam, ɗan Birom da Bafulatani, Bahaushe da ɗan Aten, Musulmi da Kirista. Mutum biyu da suka yi wata uku suna horo tare, suka sha ruwa a gora ɗaya, ɗaya ya tsaya ya jira ɗaya a kan tudu, da wuya a zo daga baya a gaya wa ɗayansu cewa ɗan'uwansa dodo ne ya yarda.

Ba sai an fara da kwana takwas ba. A fara da yini guda, a tashi daga Vom a komo Vom. A sa shi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan an kawar da yawancin amfanin gona kuma ƙasa ta bushe, don kada taya ta shiga shukar kowa, a kuma kauce wa lambunan rani da bakin kududdufan kuza masu zurfi. A yi rukunin kekunan dutse, a yi na keken gida wanda kowa ke da shi, a yi na mata. A tanadi ruwa da ma'aikatan jinya a kowace mararraba, a ajiye motar ɗaukar wanda ya ji rauni, a kuma rubuta lokacin kowa da gaskiya. In an yi haka shekara uku a jere ba fashi, na huɗu sai a ƙara kwana, baƙi kuma za su zo da kansu.

Dutse yana nan, sanyi yana nan, samari masu ƙwanji suna nan. Abin da ya rage shi ne a sami madugun da zai tara ayari ya sa ranar tashi, kuma wannan aiki ne na hukuma da sarakuna da masu hannu da shuni na jihar. Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya kiyaye matafiya a tudu da gangare, amin.